Naman Kaza da Gwajin Ƙwayoyin Cuta: Tsakanin Sakamako da Tukunya, Wa Ke Riga Wani?

  

Yau zancen kaza za mu yi. Na san da jin haka wata har ta gyara zama, tana tsammanin sabon salon farfesu ne ko dambun kaza. To, a yi mini afuwa, girkin sai wani makon. Yau magana ce a kan wasu ƙwayoyin cuta da ke maƙalewa a jikin naman kaza, da yadda masana ke gano su a ɗakin gwaje-gwaje, da dalilin da ya sa suka daɗe suna fafutukar rage kwanakin da gwajin ke ci, daga kusan mako guda zuwa yini ɗaya da kwana. Wata za ta ce ina ruwana da lab, ni da ba malamar asibiti ba? Ki ɗan biyo ni a hankali, za ki ga zancen a madafinki yake ƙarewa.

In muka je wajen 'yan kaji, kowace da dabararta. A ɗaga kaza a ji nauyinta, a taɓa ƙirji a ji tsoka, a duba ido, a ga ko tana tsaye da ƙafarta ko tana gyangyaɗi. In kuma figaggiya ce, sai a duba launin fata a kai hanci a shinshina. Duk wannan daidai ne, yana raba mu da kaza mai ciwo da naman da ya fara lalacewa. Sai dai ƙwayoyin da suka fi kwantar da mutane ta hanyar kaza ba sa sa ta ciwo, ba sa sauya launin nama, ba sa kawo wari. Kaza tana cin tsabarta, tana kiwonta lafiya lau, su kuwa suna zaune a hanjinta.

Guda biyu ne manyansu. Ta farko sunanta Salmonela. An gano ta a Amurka a 1885 a jikin alade, aka sa mata sunan wani likitan dabbobi, Daniel Salmon, kodayake mataimakinsa Theobald Smith ne ya yi ainihin aikin. Dangi ne babba, iri-irinsu sun haura 2,500. Wanda ya ci ta a abinci, tsakanin awa 6 zuwa kwana 3 sai zazzaɓi da murɗawar ciki da gudawa, wani lokaci har da amai, ya yi kwana 2 zuwa 7 yana fama. Ta biyu kuma Kamfilobakta, wadda ba mu cika jin sunanta ba alhali tana cikin manyan masu haddasa gudawa a duniya. Ita zafin digiri 42 ta fi so, wato kusan daidai da zafin jikin kaza, shi ya sa hanjin kaza ya zame mata gida. 'Yan ɗaruruwa kacal sun isa su kwantar da mutum, kuma ba ta nuna kanta sai bayan kwana 2 zuwa 5. Kin ga ke nan, ranar da yaro ya fara zawo, an manta da kazar da aka ci ranar suna, sai a ɗora laifin a kan mangwaro ko haƙori. A cikin mutum kamar 1,000 da suka kamu da ita, akan samu ɗaya da daga baya jijiyoyinsa ke taɓuwa, ƙafafu su saki, har ya kasa tafiya na wani lokaci.

Bari in tsaya a nan in warware wani ruɗani, don yana yawan zuwa a saƙonninku. Taifod da muka sani, ita ma 'yar dangin Salmonela ce, amma irin nan a jikin ɗan'adam kaɗai take rayuwa, ta ruwa ko abincin da bayan gidan mutum ya gurɓata ake ɗaukarta. Kaza ba ta ɗauke da ita. Waɗanda kaza ke ɗauke da su 'yan'uwanta ne, kuma ga babba mai ƙoshin lafiya yawanci gudawa ce ta 'yan kwanaki ta wuce. Inda abin ke da ban tsoro shi ne ƙananan yara, musamman mai tamowa, ko wanda maleriya ta sha kayarwa, ko mai sikila, da kuma tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki. A jikin irin waɗannan, ƙwayar takan tsallake hanji ta shiga jini, ga masu sikila ma har cikin ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a wani rahoto da ta fitar a 2015, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 600 ne ke kwanciya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 su rasu, kuma 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Yankin Afirka kaɗai, masu kamuwa sun haura miliyan 91, masu rasuwa 137,000. Ba duka ne daga kaza ba, a fahimce ni, amma kaza da ƙwai suna da kasonsu.

To yaya abin da ke hanji yake dawowa kan tsoka? Duk wadda ta taɓa tsayawa jiran 'yan fiɗa a kasuwa ta ga amsar da idonta. Garwar ruwan zafi ɗaya ce tun safe, ana tsoma kaza bayan kaza, ruwan ya yi duhu, ya huce, a ƙara itace a ci gaba. Teburi ɗaya, wuƙa ɗaya, tsumma ɗaya. In an zo fasa ciki hanji ya ɗan yage, abin da ke ciki ya shafi nama, ya shafi teburin, ya jira kaza ta gaba. Sannan a jefa duka cikin baho ɗaya a ɗauraye. Ke kin zaɓo kazarki mai tsabta, amma ta yi wanka da ruwan kaji hamsin. Kuma kada mu ɗauka mu kaɗai ne. A Ingila, duk da injunansu, binciken hukumar kula da abinci ta ƙasar a 2014 zuwa 2015 ya samu Kamfilobakta a jikin kashi 73 cikin 100 na ɗanyun kajin da aka sayo daga kantuna.

Yanzu mu leƙa ɗakin gwaji mu ga yadda ake neman Salmonela ta tsohuwar hanya, wadda har gobe ita ce ma'aunin da ake auna sauran da ita. Zan ɗan ja zancen, domin sai kin ga wahalar za ki gane amfanin sabuwar.

Ma'aikaci zai yanki nama ko fatar wuya giram 25, bai fi yanka ɗaya na miya ba. Ya sa a cikin wani romo na musamman mililita 225, kamar kofin shayi guda, ya rufe, ya ajiye a akwatin ɗumi mai zafin digiri 37, kwatankwacin zafin jikinmu, na kusan awa 18. Me ya sa? Domin ƙwayoyin da ake nema ƙila ba su fi biyar ko goma ba a wannan yanka, kuma sanyin firiza ko ruwan zafin fiɗa ya galabaitar da su. Sai an lallaɓa su, an ciyar da su, sun farfaɗo sun hayayyafa. Rana ɗaya ta tafi ke nan.

Matsalar ita ce romon nan ba Salmonela kaɗai ya ciyar ba, duk wata ƙwaya da ke jikin naman ita ma ta ƙoshi ta yaɗu. Kamar a ce ki nemo mutum ɗaya a Kantin Kwari ana jajiberin Sallah. Don haka washegari sai a ɗebi ɗan kaɗan a zuba cikin wasu romon guda biyu masu ɗauke da sinadaran da ke danne sauran ƙwayoyi su bar Salmonela ta miƙe, ɗaya a digiri 41.5, ɗaya a 37, su ma awa 24. Rana ta biyu. A rana ta uku a lakato a shafa a kan wani ɗan faranti mai murfi, wanda aka zuba wa wani abu ja mai kama da kafa, a mayar akwatin ɗumi, wata awa 24 ɗin. In aka buɗe aka ga ɗige-ɗige sun tsiro masu baƙin ido a tsakiya, to ana zargin ita ce. Zargi fa na ce, don akwai wasu ƙwayoyin da ke yin irin wannan shigar. Sai an sake tsamo ɗigo ɗaya an raine shi shi kaɗai, an gwada irin sukarin da yake ci da wanda ba ya ci, an haɗa shi da wasu ruwaye a ga ko zai dunƙule. Kafin a sa hannu a takarda a ce e, Salmonela ce, an ci kwana 5, wani lokaci 7. Ko da babu komai a naman, sai an yi kwana 3 zuwa 4 kafin a iya cewa babu. Kamfilobakta kuwa ta fi haka tsirfa, don iskar da muke shaƙa ma ta yi mata yawa, sai an raine ta a cikin tulun da aka rage wa iskar oksijin.

To ki auna da kanki. Ɗanyen nama ba ya jiran mako guda. Mai kamfanin kaji ko dai ya riƙe kaya a ɗakin sanyi yana ƙona dizal yana jiran takarda, ko ya saki kaya kasuwa, sakamako ya fito bayan an ci an wanke kwano. Ihu bayan hari ke nan. Abin da ya rage sai a shiga rediyo da talabijin ana cewa duk wanda ya sayi kaya kaza ya dawo da shi. A Amurka a 2010 sai da aka janye ƙwai sama da miliyan 500 daga kasuwa saboda Salmonela, bayan mutane kusan 2,000 sun riga sun kwanta.

Wannan ne ya sa aka duƙufa neman gajeriyar hanya. Mafi sauƙin ganewa a wurinmu ita ce ta ɗan tsinke, irin wanda ake gwajin maleriya ko na juna biyu da shi. A ɗiga ruwan a gefe ɗaya, ya bi takarda, in ƙwayar tana ciki wasu sinadarai da aka shirya don ita kaɗai su cafke ta, layi biyu ya fito cikin minti 15 zuwa 20. Ba ya son wuta, ba ya son dogon karatu. Akwai babbar yayarsa da ake kira ELISA, wadda wasu masana biyu a Suwidin suka fito da ita a 1971, ita a faranti mai ramuka 96 ake yin ta, a gwada samfuri da yawa a zama ɗaya.

Sai wadda ta fi su kaifi, wato PCR. Wannan sunan na san kun ji shi har kun gaji a 2020, lokacin korona. Wani Ba'amurke, Kary Mullis, shi ya ƙirƙiro dabarar a 1983, aka ba shi kyautar Nobel a 1993. Kowace halitta tana da rubutun gadonta a cikin jikinta, abin da ake kira DNA, kuma akwai wani layi a rubutun Salmonela da ya bambanta ta da sauran ƙwayoyi. Injin PCR kamar injin fotokwafi yake, amma wanda aka ce masa wannan layin kaɗai za ka kwafa. In layin yana cikin samfurin, zagaye na farko ya zama 2, na biyu 4, na uku 8, haka haka, kafin zagaye 30 ya haura biliyan ɗaya, har injin ya hango haskensa ya nuna a kwamfuta. In babu layin, babu abin kwafa, shiru kake ji. Awa ɗaya zuwa biyu an gama.

Akwai kuma wata da masana a Japan suka bayyana a shekarar 2000, ana ce mata LAMP. Ni ita ta fi burge ni, saboda kamar da mu aka yi ta. Injin PCR sai ya yi ta hawa da sauka tsakanin zafi da sanyi, shi ya sa yake da tsada kuma ba ya son wutar da ke ɗaukewa. Ita LAMP zafi ɗaya take so, digiri 60 zuwa 65, ko ruwan ɗumi da aka tsare zafinsa ya isa, kuma ƙasa da awa ɗaya ruwan da ke cikin ɗan bututun zai sauya launi, ido ya gani.

Amma fa kada wata ta ji minti 20 ko awa ɗaya ta ce shi ke nan, gobe sai a kafa teburi a bakin kasuwa a riƙa gwada kowace kaza kafin a biya kuɗi. Da sauran rina a kaba. Wannan raino na daren farko, na cikin romo, har yanzu ba a rabu da shi ba. Ƙa'idar ita ce a iya gano ko da ƙwaya ɗaya ce mai rai a cikin giram 25, shi kuwa tsinke sai ƙwayoyin sun yi yawa ƙwarai yake ganinsu, PCR ma ɗigon da ake sa masa ƙanƙane ne, in ƙwayoyin biyar ne a duk naman da wuya ɗaya ta faɗo cikin ɗigon. Ga kitse da jini da kayan yaji da kan hana gwajin tafiya daidai. Saboda haka in kin ji an ce gwajin gaggawa a harkar abinci, ma'anarsa yau a sa samfuri, gobe war haka a samu amsa. Daga kwana 5 zuwa kwana 1. Ga mai kaya a ɗakin sanyi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wani abin kuma, PCR rubutu yake karantawa, bai san mai rai da matacce ba. Kazar da aka dafa ta dahu, ƙwayoyin sun mutu, yana iya cewa akwai. Sannan in ana son a san wane magani ne zai kashe ƙwayar, wanne ne ta daina ji, yawanci sai an koma an raine ta a faranti. Shi ya sa a wurare da yawa tsarin shi ne a tace da gwajin gaggawa, duk wanda ya fito babu a sake shi ya tafi kasuwa, wanda ya fito akwai a riƙe shi a tabbatar ta tsohuwar hanya.

Zancen magani da na ambata, ina roƙon masu kiwo su saurara da kyau. Ɗabi'ar nan ta zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan shan kaji tun suna 'yan tsaki har ranar sayarwa, ko suna ciwo ko ba sa yi, ita ke koya wa ƙwayoyin taurin kai. Ranar da irin wannan ƙwayar ta shiga jinin yaro, likita ya rubuta magani, magani ya ƙi ci. Amurka ta hana ba kaji wani magani mai suna enrofloxacin a 2005, dangin sifro da muke sha, saboda an ga Kamfilobaktar da ke kama mutane ta fara daina jin sa. Tarayyar Turai kuma tun 2006 ta hana sa irin waɗannan magunguna a abincin dabbobi don kawai su yi ƙiba.

To su waɗanda suka ci nasara a kan Salmonela, a ina suke yin gwajin? Abin da ya ba ni sha'awa shi ne ba a kanti suka fi mai da hankali ba, tun daga gona suke tare ta. A ƙasashen Tarayyar Turai, cikin mako 3 kafin a kai garken kaji mayanka, ma'aikaci zai sa wata irin safa a kan takalminsa, ya zaga cikin ɗakin kajin yana taka kashinsu, ya cire safar ya sa a leda ya aika lab. Safa biyu sun ba da labarin kaji dubbai. Suwidin ta fara wannan tsanani ne bayan wata annoba a 1953, da naman wata mayanka a garin Alvesta ya kwantar da mutum kusan 9,000, kimanin 90 suka rasu. A can in aka samu Salmonela a garken kajin nama, garken ba ya shiga kasuwa. Ingila ma ta sha nata. A Disambar 1988 wata ƙaramar ministar lafiya, Edwina Currie, ta faɗa a talabijin cewa yawancin ƙwan da ake samarwa a ƙasar yana da Salmonela, cinikin ƙwai ya faɗi warwas, cikin mako biyu ta ajiye aiki. Bayan shekara 10, a 1998, masu kiwon suka fito da tsarin yi wa kajin ƙwai allurar rigakafi da buga tambarin zaki a jikin ƙwai, masu kamuwa suka ragu ƙwarai.

Akwai kuma mataki na gaba, inda ake karanta rubutun gadon ƙwayar gaba ɗaya, a gane ko wadda ke jikin marar lafiya da wadda ke jikin nama uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Da wannan ne Afirka ta Kudu ta gano tushen annobar wata ƙwaya mai suna Listeriya a 2017 zuwa 2018, wadda ta kama mutum sama da 1,000 ta kashe sama da 200, da yawansu jarirai sabbin haihuwa. An fi shekara ana kamuwa kafin a ranar 4 ga Maris 2018 ministan lafiya ya sanar cewa wani sarrafaffen nama ne da ake yankawa a sa a burodi, daga wata masana'anta a garin Polokwane. Masu juna biyu su riƙe wannan, Listeriya ko a cikin firij tana yaɗuwa, don haka su sosej da makamantansu a dafa su sosai kafin a ci.

Mu dawo gida. Ba wai ba mu da masana ko wuraren gwaji ba ne. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato tun 1924 take, tana yin alluran rigakafin kaji. Akwai tsangayoyin likitancin dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Akwai NAFDAC, da aka kafa a 1993. Mun kuma ɗanɗana abin da jinkirin gwaji ke jawowa. Lokacin murar tsuntsaye a 2006, wadda ita bairos ce ba bakteriya ba, kaji sun fara mutuwa a wata gona kusa da Jaji a Jihar Kaduna tun watan Janairu, amma sai a farkon Fabrairu aka tabbatar da ko mece ce, bayan an kai samfuri wani lab a Padova ta Italiya. Kafin nan ta ɓulla a Kano da Filato. Yau kuwa, albarkacin korona, injunan PCR sun shiga jihohi da dama, kuma an horar da yaranmu da suka iya sarrafa su. Injin da ya karanta korona zai karanta Salmonela, kayan haɗin ne kawai za a sauya.

Ni a ganina, in za a kashe kuɗin gwaji a ƙasar nan, ba kazar gida da ake yankawa ƙarfe 10 ta shiga tukunya ƙarfe 12 za a bi ba, wannan babu gwajin da zai riga ta. Wuraren da kaji dubbai ke ratsawa ta ƙofa ɗaya za a tsare. Na farko kamfanonin ƙyanƙyasa, domin akwai irin Salmonelar da ke shiga cikin ƙwai tun yana jikin uwa, ɓawo lafiya lau ba tsaga, ɗan tsako ya fito da ita. Yawancin 'yan tsakin da ake kawo mana Arewa daga kamfanonin wajen Ibadan suke tasowa, ka ga garken iyaye ɗaya in ya gurɓace ya raba wa gonaki ɗari. Sai manyan gonaki da masu yanka suna daskararwa suna kai wa otal-otal da gidajen abinci da masu shawarma. Da can muna da duba-gari da ke shiga har madafi suna leƙa randa, kowa yana shakkarsu. Jikokinsu na yau ya kamata a ce suna da ledar ɗaukar samfuri da lab ɗin da zai ba su amsa washegari.

Mata da yawa yanzu suna kiwon kajin gidan gona a bayan gida, 50 ko 100, ana sayarwa da azumi ko da Sallah. Hajiya, ke ma kina da haƙƙin tambaya. In za ki sayi 'yan tsaki, ki tambayi dillalin daga wane kamfani suke, kuma ko ana gwada iyayensu. Ko bai da amsa yau, in mata goma suka tambaya zai kai saƙon. In kika ga 'yan tsaki suna mutuwa a makon farko da farin kashi manne a bayansu, kada ki wuce kemis, ki kai gawar wajen likitan dabbobi. Wannan ma mai yiwuwa wata Salmonelar ce, ta kaji, kuma tun shekarun 1930 akwai gwajinta na ɗigon jini a kan faranti, da ke nuna kazar da ke ɗauke da ita cikin minti 2. A raba ɗakin kaji da inda yara ke rarrafe, a ware takalmin shiga, kuma yaron da ya taya ki kwashe kashin kaji ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa kwano.

Daskararrun kajin da ake satar shigowa da su ta kan iyaka kuwa, waɗanda gwamnati ta hana tun farkon shekarun 2000, babu wanda zai gaya miki sau nawa suka narke suka sake daskarewa a hanya. Sanyi ba ya kashe Salmonela, kwantar da ita kawai yake yi. Da ta ji ɗumi ta farka, kuma in yanayi ya yi mata daɗi duk minti 20 tana ninkawa. Ƙwaya ɗaya cikin awa 7 ta haura miliyan 2. Haka abin yake ga firizar gida da aka ɗauke wa wuta kwana biyu.

Abin farin ciki shi ne wuta tana kashe su duka, masu jin magani da marasa ji. Muddin zafi ya ratsa har tsakiyar tsoka ya haura digiri 70, an gama da su. A miyarmu da farfesunmu da ake bari su yi ta tafasa, da wuya su tsira. Inda ake samun matsala shi ne gashi da suya, waje ya yi ja har ya fara ƙonewa, jikin ƙashin cinya kuwa da sauran jini-jini. Ki tsaga wurin da ya fi kauri ki duba, in ruwan da ke fitowa da ja a ciki a mayar wuta. Kazar da aka ciro daga firiza a bari ta saki gaba ɗaya kafin a gasa.

Amma babbar ƙofar da suke shigowa ita ce abin da ɗanyen nama ya taɓa wanda shi ba za a dafa ba. Hukumar abinci ta Ingila ta yi gangami a 2014 tana cewa a daina wanke ɗanyar kaza kwata-kwata, don fantsamar ruwan famfo tana kai ƙwayoyin har rabin mita ko'ina. Wani gwaji da ma'aikatar gona ta Amurka ta yi a 2019 ya nuna cewa cikin waɗanda suka wanke kaza sannan suka haɗa salak, kashi 26 cikin 100 ƙwayoyin sun ƙare a cikin latas ɗinsu. To mu dai ba za a ce mana kada mu wanke kaza ba, kazar da aka yanka yanzu da jini da gashi a jikinta, wace uwargida ce za ta zuba a tukunya haka? Abin da za mu ɗauka shi ne yadda za a wanke. A roba ta musamman, a ƙasa, nesa da kwandon kwanuka da randar ruwan sha, ba a ƙarƙashin famfo mai ƙarfi ba. Ruwan a zubar a makwarara, kada a watsa tsakar gida inda yara ke wasa. Lemun tsami yana kashe ƙarni, amma kada ki dogara da shi ya kashe Salmonela. Kuma in da salak ko kwaɗon da za a ci ɗanye, a fara gama shi a rufe a kawar, sannan a taɓa kaza. Wuƙa da katako da hannu, sabulu kafin su koma kan kabeji ko tumatir. Farantin da ya ɗauki ɗanyen nama zuwa wajen suya, kada soyayyen ya dawo cikinsa.

Masu aikin biki da suna, dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye ba zafi ba sanyi. Kazar da aka soya da asuba aka zuba a kula, ba a raba ba sai bayan la'asar, ga zafin watan Afrilu, a sake ɗumama ta sosai kafin a kai wa baƙi.

In kuma abin ya riga ya faru, yaro yana gudawa, abu na farko ruwan gishiri da sukari ne, fakiti ɗaya a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba shi nono da abinci. In da jini a bayan gidan, ko zazzaɓi mai zafi, ko ya ƙi shan komai, ko ido ya faɗa, ko kuma jariri ne ko mai sikila, asibiti kai tsaye. In an je, ki gaya wa likita abin da aka ci kwana biyar baya, da ko wani a gidan ko a wajen bikin shi ma ya kwanta. Gwajin Widal da muka saba cewa a yi mana, wanda ya samo asali tun 1896, don taifod aka yi shi, kuma ko a nan yana yawan nuna akwai alhali babu. Ba ya ganin Kamfilobakta sam. In likita ya ce a kawo bayan gida ko a ɗebi jini a raina, a kai kafin a fara shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, don in an riga an sha, farantin yana iya fitowa wayam.

Mai kula da na'ura yana ta ɗaga mini hannu, lokaci ya yi halinsa. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗora da ƙwai, daga wanda ake fasawa ɗanye a haɗin salak har na mai shayi. Masu kiwo da ke da tambaya a turo tun yanzu don mu miƙa wa likitan dabbobi.